Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamitocin ƙarin girma: kan yadda ake auna aikin masu binciken hanta

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitocin naɗi da ƙarin girma na jami'o'in Najeriya masu tsangayar likitanci.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinku, ina rubuto muku ne a kan ɓangare ɗaya na aikinku, wato yadda kuke auna maƙalolin da malami ya wallafa da yawan ambaton da suka samu a rubuce-rubucen wasu masana, kafin ku yanke hukuncin ko ya cancanci zama babban malami ko farfesa. Zan tsaya a kan fannin hanta da hanyoyin madaciya, domin tarihinsa ya ƙunshi misalan da suka nuna ƙarara abin da adadin ambato yake iya faɗa da abin da ba ya iya faɗa. Buƙatata guda ce: ku riƙa karanta aikin shi kansa, adadin kuma ya tsaya a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu, kada a ɗora shi a kujerar alƙali.

Duk inda ake maganar yawan ambato a wannan fanni, sunan da yake fara fitowa shi ne na Thomas Starzl, likitan tiyata ɗan Amurka wanda ya fara gwada dashen hanta a jikin ɗan Adam a birnin Denver ranar 1 ga Maris, 1963. Majinyacin yaro ne ɗan shekara 3, kuma ya rasu ana cikin aikin saboda zubar jinin da aka kasa tsayarwa. Sai a 1967 ya yi dashen da mai shi ya rayu fiye da shekara guda. Ya koma Jami'ar Pittsburgh a 1981, a daidai lokacin da sababbin magungunan da ke hana jiki ƙin karɓar baƙuwar gaɓa suka mayar da dashen hanta magani na gaske. Ya wallafa maƙaloli sama da 2,200, kuma a 1999 cibiyar da ke tattara alƙaluman ambato a Amurka ta bayyana shi a matsayin wanda aka fi ambata a duniya a fannin likitancin asibiti. A nan adadin bai yi ƙarya ba. Aikin babba ne, ambaton kuma ya biyo shi.

Amma ku dubi cutar da ta kai wancan yaro ɗakin tiyata. Toshewar hanyoyin madaciya ce da ke kama jarirai a makonnin farko na haihuwa: bututun da ke fitar da ruwan madaciya daga hanta zuwa hanji ya kumbura ya toshe, ruwan ya taru a cikin hanta yana cin ta, idon jariri ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, kashinsa ya koma fari-fari. Idan ba a yi komai ba, hanta takan ƙandare kuma yawancin yaran ba su wuce shekara biyu. A shekarun 1950 likitocin tiyata sun kasa masu wannan cuta gida biyu, 'yan kaɗan da ake iya gyara musu saboda akwai sauran buɗaɗɗen bututu, da mafi rinjaye waɗanda aka yanke cewa ba su gyaruwa. Wani likitan tiyata na Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan, Morio Kasai, shi ya gano cewa idan aka yanke toshasshen naman tun daga ƙofar hanta, akwai ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani waɗanda ruwan madaciya ke iya tsattsafowa ta cikinsu, kuma idan aka ɗinka wani yanki na hanji kai tsaye a wannan wuri, ruwan zai samu mafita. Shi da abokin aikinsa Suzuki suka wallafa wannan a 1959, a wata mujallar tiyata mai suna Shujutsu, cikin harshen Japananci.

Bayanin da yawancin likitocin ƙasashen Yamma suka iya karantawa da Ingilishi bai fito ba sai 1968, kuma ko bayan ya fito an daɗe ana shakkarsa, har sai cikin shekarun 1970 aikin ya samu karɓuwa a Amurka. Yau babu likitan tiyatar yara a duniya da bai san aikin Kasai ba, kuma shi ne matakin farko da ake ɗauka a kan wannan cuta kafin a kai ga dashe. Ina roƙonku ku ƙaddara cewa fayil ɗin Kasai ne aka ajiye a gabanku a farkon shekarun 1960. Za ku ga maƙala a mujallar cikin gida, cikin harshen gida, wadda kusan babu wanda ya karanta ta a wajen ƙasarsa. Idan ma'auninku mujallar waje ce da yawan ambato, da kun ba shi maki kaɗan, alhali a hannunku kuke riƙe da ɗaya daga cikin manyan ayyukan tiyatar yara na ƙarni na 20. Sannan akwai tambayar da ta fi shafarmu: tsakanin aikin Starzl da na Kasai, wanne ne jaririn da aka haifa a Gusau ko Azare yake da begen samu? Dashen hanta sai mai halin fita Indiya ko Masar. Aikin Kasai kuwa likitan tiyatar yara a asibitin koyarwa yana iya yin sa, muddin an kawo jaririn da wuri, kuma an daɗe da sanin cewa sakamakon ya fi kyau idan an yi shi kafin kwana 60 da haihuwa.

Ba Kasai kaɗai ba ne. Likitan tiyata Erich Mühe ya cire madaciya ta hanyar ƙaramin rami da madubin leƙa ciki a Jamus a watan Satumba na 1985, ya gabatar da aikin ga ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙasarsa a 1986 aka yi masa riƙon sakainar kashi, sai a 1992 ƙungiyar ta karrama shi. Akwai kuma wani abin da ba a cika lura da shi ba: idan aiki ya shiga jinin sana'a, akan daina ambaton tushensa. Likitan hoto da ya rubuta cewa akwai ƙari a yanki na bakwai na hanta yana amfani ne da rabe-raben yankuna takwas da Claude Couinaud ya bayyana cikin Faransanci a 1957, kuma ba ya ambaton kowa. Ƙaramin likitan da ke lissafa makin Child da Pugh, wato ma'aunin tsananin lalacewar hanta, a gefen gadon mai ƙandararriyar hanta yana cin moriyar ayyukan 1964 da 1973, kuma babu wata kwamfuta da za ta ƙirga wannan amfani.

Dalilin wannan giɓi yana cikin yadda aka gina ma'aunan tun asali. Eugene Garfield ya fitar da kundinsa na ambato a 1964 domin ya taimaka wa masu bincike su bi sawun rubuce-rubuce, kuma makin tasirin mujalla da ya biyo baya an yi shi ne musamman don masu kula da ɗakunan karatu su san mujallun da za su saya. Lissafinsa shi ne matsakaicin ambaton da maƙalolin mujalla na shekaru biyu da suka gabata suka samu a bana. Saboda haka yana magana ne a kan mujalla, ba a kan maƙala ɗaya ba, kuma sananne ne cewa 'yan maƙaloli kaɗan ne ke janyo mafi yawan ambaton kowace mujalla. Ma'aunin h kuma, wanda Jorge Hirsch, masanin fiziya a Jami'ar Kalifoniya ta San Diego, ya kawo a 2005, yana nufin cewa mai maki 20 yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ba ya raguwa ko mutum ya daina aiki, yana fifita wanda ya daɗe a kan wanda ya fara jiya, kuma ba ya bambanta wanda ya tsara bincike da wanda aka saka sunansa a matsayi na ɗari biyu cikin jerin marubuta. Makin mutum ɗaya ma yakan sha bamban tsakanin rumbunan ƙirga ambato na Scopus da Google Scholar, domin kowanne da irin rubutun da yake tarawa.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne waye yake ambato. Mai rubuta maƙala ne kawai yake ambato. Majinyacin da ya warke ba ya yi, ungozomar da ta koyi gane farin kashin jariri ba ta yi, jami'in ma'aikatar lafiya da ya sauya tsarin rigakafi shi ma ba ya yi. Don haka adadin yana bin yawan marubutan da ke cikin fanni ne da kuma inda kuɗin bincike yake. Kitsen hanta, wanda ke tafiya da ƙiba da ciwon suga, yana da dubban masu bincike da kamfanonin magani a bayansa, kuma matsakaiciyar maƙala a kansa tana iya samun ambaton da kyakkyawar maƙala kan toshewar hanyoyin madaciyar jarirai ba za ta samu ba, domin cutar jariran tana kama kimanin ɗaya ne cikin haihuwa 10,000 zuwa 20,000, masu rubutu a kanta kuma ba su da yawa. Maƙalar bita, wadda ke tattara abin da wasu suka gano, takan fi maƙalar asali samun ambato. Idan kuka jera likitan tiyatar yara da mai binciken kitsen hanta a sahu ɗaya kuka auna su da lamba ɗaya, girman fannoninsu kuka auna.

Yanzu ku dubi irin aikin da ƙasarmu take buƙata. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B a 2022, wasu miliyan 50 na ɗauke da nau'in C, kuma cututtukan biyu sun kashe kimanin mutum miliyan 1.3 a wannan shekara. A Najeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya samu nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. An shigar da allurar rigakafin cutar cikin tsarin rigakafin yara na ƙasa a 2004, amma allurar farko tana buƙatar a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, alhali a Arewa mata da yawa a gida suke haihuwa. Ga kuma gubar afulatoksin da ke fitowa daga hunhunar gyaɗa da masara idan an adana su da damshi, wadda idan ta haɗu da nau'in B take ninka haɗarin sankarar hanta. Wani bincike da ya haɗa asibitoci a ƙasashen Afirka da dama, har da Najeriya, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa, in ban da Masar, matsakaicin shekarun masu sankarar hanta 46 ne, kuma rabinsu ba su wuce wata biyu da rabi bayan gano cutar. Magidanta ne masu ƙananan yara. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin maza na asibitin koyarwa ya san su: a kawo mutum ciki ya kumbura da ruwa, ido ya yi rawaya, an sha watanni ana maganin shawara a gida, kuma babu abin da ya rage sai rage masa raɗaɗi.

Tambayoyin da ke tasowa daga nan ba su da saurin amsa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne binciken rigakafin ciwon hanta na Gambiya, wanda aka fara a 1986 tare da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya. An riƙa shigar da allurar yanki bayan yanki har ta game ƙasar a 1990, yara sama da 120,000 suka shiga cikin binciken, kuma tun farko masu aikin sun san cewa amsar babbar tambayarsu, wato ko allurar jariri za ta hana shi sankarar hanta idan ya girma, sai bayan shekaru talatin ko arba'in. Haka ma gano ƙwayar nau'in C: Michael Houghton da Qui-Lim Choo da George Kuo sun shafe kusan shekara bakwai suna nema ba su samu ba kafin maƙalarsu ta 1989. Malamin da ya san cewa duk bayan 'yan shekaru za a ƙirga masa maƙaloli ba zai ɗauki irin wannan aiki ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Zai zaɓi abin da ke ƙarewa cikin wata shida.

Daga Gambiya ɗin ne kuma aka samu misalin binciken da ya dace da asibiti mai ƙarancin kayan aiki. Gwajin da ke auna yawan ƙwayar nau'in B a jini yana da tsada kuma ba ko'ina ake yin sa ba, alhali shi ake dogara da shi wajen sanin wanda ya kamata a ɗora a kan magani. A 2018 masu bincike suka wallafa wani ma'auni mai suna TREAT-B wanda ke amfani da gwaje-gwajen jini biyu masu sauƙi don kusantar amsar. A 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara magani, ta buɗe hanyoyin yanke hukunci ko da babu wancan gwaji mai tsada. Darajar irin wannan aiki tana ga likitan babban asibitin ƙaramar hukuma wanda yanzu yake iya yanke shawara, kuma shi ba marubucin maƙala ba ne.

Kada a fahimce ni a kan cewa ina neman a rufe ido a kan raunin aikinmu. Ba kowace maƙalar da ba a ambata ba ce maƙalar Kasai, kuma mafi yawan waɗanda ba a ambata ba, ba a ambace su ba ne saboda ba su ƙara wa kowa komai ba. Mujallunmu sun cika da ƙananan bincike masu kama da juna a kan yawan masu nau'in B cikin masu ba da jini ko masu awon ciki a asibiti ɗaya, kowanne ya kammala da cewa cutar ta yi yawa kuma a wayar da kai, ba tare da an bi ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka samu da cutar an ga abin da ya same shi ba. Akwai masu yanka bincike ɗaya gida uku don ya zama maƙala uku, akwai abokan da ke saka sunan juna, akwai mujallun bogi da ke buga duk abin da aka biya musu cikin mako guda. Na kuma san dalilin da ya sa aka rungumi lambobi: sun rage ƙarfin son kai da sanayya, domin da wuya a danne wanda alƙalumansa ke fili. Wannan riba ce ta gaske kuma bai kamata a yar da ita ba. Sai dai ƙirga maƙaloli shi ne ya haifar da yawancin waɗannan dabaru, ƙirga ambato kuma ya haifo nasa, irin su yawan ambaton kai da yarjejeniyar ka ambace ni in ambace ka. Mai karanta maƙala da idon basira yana gano waɗannan cikin sauƙi, na'urar ƙirga kuwa ba ta gano su.

Abin da nake roƙo bai wuce ikonku ba. Ku nemi kowane mai neman ƙarin girma ya zaɓi maƙaloli biyar da yake ganin su ne mafi kyawun aikinsa, ya rubuta a taƙaice tambayar da kowacce ta amsa, da abin da shi da hannunsa ya yi a cikinta, da abin da ya sauya saboda ita. Masu tantancewa na waje su karanta waɗannan biyar ɗin daga farko zuwa ƙarshe su yi hukunci a kan tsarin binciken, kuma a zaɓo su daga cikin waɗanda suka san fannin, ko ta hanyar neman sunaye daga ƙungiyar likitocin ciki da hanta ta Najeriya. Idan za a kawo adadin ambato, a cire ambaton kai, a kwatanta shi da na maƙalolin da suka fito a fanni ɗaya kuma a shekara ɗaya, a kuma ware maƙalolin da ke da ɗaruruwan marubuta a duba su daban. Batun rabon yabo ba ƙarami ba ne a wannan fanni: a 2013 Houghton ya ƙi karɓar babbar lambar yabo ta Gairdner saboda ba a haɗa da Choo da Kuo ba. A wajenmu abin ya fi shafar malamin da ya shekara yana tattara jini da bayanan majinyata don wani bincike na haɗin gwiwa da jami'ar waje, sannan sunansa ya faɗa tsakiyar jeri. Ku tambaye shi abin da ya yi, ku ba shi makin abin da ya yi.

Game da mujallu, ku daina ɗaukar adireshin mujalla a matsayin hujjar inganci ko rashinsa. Manyan mujallun waje da dama suna karɓar dubban daloli kafin su buga maƙala a buɗe ga kowa, kuɗin da ya fi ƙarfin albashin malami, kuma sau da yawa masu karatun da suka fi buƙatar sakamakon suna nan gida. Abin dubawa shi ne ko mujallar tana da tantancewa ta gaskiya da editocin da aka sani. Wannan ba sabon ra'ayi ba ne. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan auna bincike, wadda jami'o'i da cibiyoyi da yawa a duniya suka sa wa hannu, ta ce kada a yi amfani da makin tasirin mujalla wajen hukunta maƙala ɗaya ko yanke shawarar ɗauka da ƙarin girma.

Ku kuma buɗe gurbi a takardar maki don ayyukan da ba su zama maƙala nan take: rajistar masu sankarar hanta da aka kafa kuma ake kula da ita, rukunin majinyatan da ake bi shekara da shekaru, binciken da ma'aikatar lafiya ta ɗauka ta shigar cikin ƙa'idojinta, da kayan aikin da suka isa hannun jama'a. Na ƙarshen yana da misali a ita kanta cutar da Kasai ya yi aiki a kanta. A Japan da Taiwan an buga kati mai ɗauke da launukan kashin jariri aka raba wa iyaye mata, domin uwa ta kwatanta ta garzaya asibiti idan ta ga launin ya kwashe. Taiwan ta game ƙasarta da katin a 2004, kuma an samu ƙaruwar jariran da ake yi wa aikin kafin kwana 60. Idan wani malaminku ya tsara irin wannan kati da Hausa, ya gwada shi a asibitocin shan magani da wajen ungozomomi, ya ƙirga kwanakin jariran da ake kawowa kafin katin da bayansa, ina roƙon takardar makinku ta kasance tana da layin da za a rubuta wannan aiki, da adadin makin da ya dace da shi, tun kafin zaman ƙarin girma na gaba.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malami a tsangayar likitanci